Muzurun da katanga ta gagara

A ƙasar Adar ba a kai ƙarar ƙiba. Idan ɗan bida ya dawo daga Abijan ko Libiya, kafin a dubi kayan da ya sauke daga mota sai an dubi wuyansa da kumatunsa. In sun ciko a ce tafiya ta yi kyau, in sun zube a yi shiru, a bar tambaya sai dare. Amaryar da ta yi wata uku a ɗakinta ba ta murje ba, dangi kan soma binciken mijin. Ragon layya kuwa, musamman balamin da ake turkewa a gidajen Ƙonni da Malbaza ana tura masa dusa da harawa, darajarsa tana ga faɗin ƙirjinsa da cikar bayansa. Mutanen da suka ga farin 1973 da na 1984, suka kuma ga ƙarancin abinci na 2005, lokacin da aka riƙa rataya jarirai a sikeli a cibiyoyin lafiya na jihar Tawa ana auna abin da yunwa ta rage, ba za a zarge su ba don sun ɗauki tsoka da kitse alamar rufin asiri.

Saboda haka duk wanda ya tashi a tsakiyar Illela ya ce yana neman yadda muzurunsa zai rage nauyi, ya san da dariyar da ke jiransa. Za a ce masa wannan aikin Turawa ne, waɗanda suka ƙoshi har suka rasa abin damuwa. Zargin bai rasa ƙamshin gaskiya ba. Wani bincike da aka yi a asibitocin dabbobi na Amurka a 2022 ya nuna kashi 61 cikin ɗari na kyanwoyin da aka duba nauyinsu ya wuce kima. Kundin bajinta na Guinness ma ya taɓa ajiye sunan wani muzuru na ƙasar Ostareliya da ya haura kilo 21, ya mutu a 1986, kafin masu kundin su daina karɓar irin wannan bajinta don kada mutane su riƙa ɗura wa dabbobinsu abinci saboda neman suna. Sai dai ciwo ba ya tsayawa a shingen duwan. Duk inda abinci ya yawaita kuma aiki ya ragu yana iya sauka, ya kuwa sauka a wasu gidajen garuruwanmu.

Ya kamata mai karatu ya tuna matsayin kyanwa a gidan Bahaushe tun asali. Ko an kira ta kyanwa, ko mage, ko mussa kamar yadda ake faɗi a nan yamma, ba a yi mata turke irin na akuya, ba a kuma ajiye mata ƙanzo irin na kare. Ma'aikaciya ce mai biyan kanta albashi. Masana sun nuna a 2007, ta hanyar binciken ƙwayoyin gado, cewa kyanwoyin gida na duniya sun samo asali daga kyanwar daji ta Gabas ta Tsakiya da Afirka, irin wadda har yau ake gamuwa da danginta a dazuzzukan Sahel. Abin da ya haɗa ta da ɗan Adam rumbu ne: inda aka tara hatsi ɓera zai zo, inda ɓera ya zo ita ma za ta biyo. Manyan rumbunan laka na Adar, ruhewar da matafiyi ke hangowa daga hanyar Badagishiri kamar tulunan ƙattai, su ne wurin aikinta. Ba a raba mata abinci, in an ga dama dai a zuba mata ɗan nono a sakaina. Kyanwar da ke rayuwa da farauta kaɗai tana buƙatar ɓera takwas zuwa goma a yini, kowane ɗaya kuma sai ta yi kwanto, ta yi sanɗa, ta yi tsalle, sau da yawa ta kuskure. Cikinta ya saba da ƙananan lomomi masu yawa, kowace loma da guminta. Irin wannan kyanwa ba ta ƙiba.

Gidan ne ya sauya. A wani gida na Illela, gidan wani tsohon daraktan makarantar firamare da ya yi ritaya, ƴaƴa maza uku sun tafi bida: biyu suna Abijan, autan ya bi ta Agadas ya faɗa Libiya. Kuɗi suka soma zuwa. Aka rushe katangar laka aka ɗora ta bulo, aka yi wa tsakar gida daɓen siminti. Ruhewar gidan ta faɗi a wata damina, ba a sake gina ta ba, don yanzu gero da buhu ake sayensa a juye cikin durom mai murfi. Firij ya shigo. Ɓeraye suka kwashe nasu ya nasu suka koma maƙwabta, aka bar kyanwoyi huɗu ba wurin aiki: tsohuwar uwa da ta haura shekara goma, haƙoranta sun soma zubewa, ƴarta baƙa siririya, wadda ba ta daina bin ƙadangaru a kan katanga ba, wani ɗan ƙarami da jikoki suka tsinto a bakin kasuwa, sai babban muzuru ja mai rodi-rodi.

Muzurun nan a da ɗan yawo ne, gwanin satar ƴan tsaki. Bayan maƙwabta sun kawo ƙara sau biyu aka sa aka yi masa fiɗiya, aka samu zaman lafiya da unguwa. Abin da ba wanda ya sani a gidan shi ne, fiɗiya tana rage abin da jikin kyanwa ke buƙata da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, tana kuma buɗe mata ciki. Ya daina yawo, ya ƙara ci. Cikin shekara biyu jikoki suka laƙaba masa suna Malbaza, domin in ya baje a ƙofar madafa ba shi da maraba da buhun siminti da aka sauke aka manta. Akwai kuma wani abu da kowa ya sani amma ba a faɗi: autan gidan ne ya kawo shi yana ɗan mitsitsi cikin hula, kafin tafiyarsa. Autan kan yi wata biyu, wata uku, wayarsa ba ta shiga. Hajiya kuwa hannunta bai taɓa koyon dafa abincin mutum biyar ba. Na goma sha biyu ta saba, shi take dafawa, kuma loma mai kyau ta farko ta san inda take zuwa.

Baƙi in sun gan shi sai su ce tubarkalla. Malam ne ya soma lura da abin da ke bayan tubarkallar. Muzurun yana minshari ko idonsa biyu. Bakinsa ba ya kai wa bayansa, sai gashin gindin wutsiyarsa ya cukurkuɗe ya yi amosani, alhali kyanwa ba ta da abin alfahari da ya wuce tsabtar jikinta. In ya sauko daga kan tabarmar da aka naɗe sai ka ji tim, ya tsaya jim kaɗan kafin ya taka. Wata rana da la'asar wani ƙadangare ya gitta ta gabansa ya haye katanga; ya yunƙura ya bi shi, faratansa suka karci bulo, ya zamo ya faɗo da baya. Ya tashi ya koma inuwa yana lasar hannu kamar ba shi ba, irin borin kunyar da maguna suka ƙware a kai. Daga ranar bai sake gwadawa ba. Ya zama kyanwar Lami ta gaske, ba cizo ba yaƙushi.

Tsohon malami ba ya rasa ɗalibi a kowace ma'aikata. Wani da ya zauna ajinsa shekaru da dama da suka wuce yanzu ma'aikacin kiwo ne, yana yawon allurar shanu da tumaki a ƙauyuka. Ya zo gaisuwa ranar wata Juma'a, aka nuna masa Malbaza.

"Mushe," in ji shi, "ni shanu da tumaki da raƙuma na karanta. Amma wanga ko makaho ya shafa shi ya san ba lahiya ba ta."

Aka aro sikelin rataye daga wurin wani mai sayen wake, aka saka muzurun cikin buhu: kilo 7 da giram 200. Aka auna ƴar baƙa don kwatanci, kilo 3 da rabi. Kyanwar gida mai lafiya nauyinta yakan tsaya tsakanin kilo 3 zuwa 5 gwargwadon girman ƙashinta, kuma likitocin dabbobi suna kiran abin ciwo idan nauyi ya ɗara daidai da kashi 20 cikin ɗari. Malbaza ya ɗara da kusan rabi. Ɗalibin ya koya wa jikoki awon da ba ya buƙatar sikeli. A shafa haƙarƙarin kyanwa da tafin hannu: in an ji shi kamar yadda mutum ke jin ƙasusuwan bayan hannunsa, daidai ne, in sai an danna kafin a ji, kitse ya rufe. A kuma dube ta daga sama tana tsaye, ya kamata a ga ƙugu ya ɗan shiga bayan haƙarƙari. Na Malbaza fitowa ya yi, kamar tulu.

Ya bayyana musu abin da ke biyo baya ba tare da ƙari ba. Kyanwa mai ƙiba ta fi ƴar'uwarta kusantar ciwon sukari kusan ninki huɗu. Gaɓoɓinta suna cinyewa, fitsari yakan ba ta wahala, numfashi yakan yi mata nauyi, balle a bazarar Adar da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu da Mayu. Maganin ciwon sukari a kyanwa allurar insulin ce, galibi sau biyu a yini, wadda sai an ajiye ta cikin sanyi. A garin da mutane masu wannan ciwo ke fama kafin su samu tasu, kowa ya san babu mai yi wa muzuru. In ciwon ya kama shi, kallo ne kawai zai rage.

Hajiya ta saurara har ya gama, sannan ta juya ga maigidanta.

"Malam, ka ji tsoron Allah. Kai da bakinka ka karanta muna labarin matar da ta shiga wuta sabili da mussa. Yanzu da tsufana za ka sa in hana dabba abinci?"

Wannan ba ƙaramar hujja ba ce, kuma wanda ya yi mata dariya bai san mutanensa ba. Hadisin sananne ne, Buhari da Muslim sun ruwaito shi, kuma shi ne ya tsare kyanwa daga wulaƙanci a gidajen Musulmi tsawon ƙarnuka, tare da hukuncin malaman Malikiyya cewa abin da ta sa wa baki ba ya zama najasa. Malam bai musa ba. Ya tunatar da ita dai cewa laifin matar nan biyu ne a haɗe: ta kulle dabbar ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi ƙwarin ƙasa da kanta ba.

"Mu ba mu hana shi ci ba, Hajiya. Amma dubi ƙafafunsa. Mun ɗaure shi, ba da igiya ba."

Abin mamaki, ma'aikacin kiwon bayan Hajiya ya goya, ta wata fuska. Ya ce tsoronta yana kan hanya, domin yunwa ta fi ƙiba saurin kashe muzuru irin wannan. Idan kyanwa mai ƙiba ta yi ƴan kwanaki ba ta ci ba, ko aka zabge mata abinci farat ɗaya, jikinta yakan kwaso kitsen da ya tara ya tura wa hanta fiye da yadda hanta za ta iya sarrafawa. Hantar ta cushe, shawara ta fito a fararen idanu da dasashi da cikin kunne, dabbar ta ƙi abinci gaba ɗaya, sau da yawa ta mutu. Don haka babu zancen azumi. Abin da ake nema shi ne ragin kusan kashi ɗaya cikin ɗari na nauyi a mako, wato wajen giram 70 ga Malbaza, abin da bai kai nauyin ƙwan zabo biyu ba. Aka yi lissafi, aka ga aikin zai ci kusan shekara. Hajiya ta ce daman an faɗa, tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, fita kuwa sai an yi dubu. Ba ta ce ta yarda ba, amma ba ta tashi ta bar wurin ba.

Kafin a rage abu sai an san yawansa, kuma nan ne Malam ya koma aikinsa na da. Ya jingina tsohon allon makaranta a bakin madafa, ya ja layuka da alli, ya rubuta sunan kowa, ya ce duk wanda ya ba muzurun wani abu, ko lomar ƙosai ce, ya ja sanda ɗaya a gaban sunansa, ba faɗa ba tuhuma. Da isha'in ranar farko aka ƙirga sanduna goma sha uku. Hajiya ta ba shi kitsen da ta yanke daga naman miya, da nono, da kan kifi. Surukar gidan ta juye masa sauran shinkafa da mai. Jikoki uku kowa ya gutsura masa daga nasa. Yarinyar da ke taya wanke-wanke ta bar masa gwangwanin sardin ya lashe. Malam da kansa, mai allon, yana da sanduna biyu, na tsiren da yakan sayo bayan magariba. Kowane ɗayansu ya ɗauka shi kaɗai ke tunawa da dabbar.

A nan matsalar take, kuma littattafan Turai ba su cika hango ta ba, domin an rubuta su ne don gidan mutum ɗaya ko biyu, da kwano ɗaya, da buhun abinci mai awo a rubuce a bayansa. Gidan Bahaushe hannuwa ne da yawa, kuma kowane hannu an tarbiyyantar da shi a kan cewa cin abu a gaban mai rai yana kallo ba a miƙa masa ba rowa ce. Muzuru ya gane wannan tarbiyya sarai. Ya san lokacin karin kowa, ya san wanda ke da taushin zuciya, yana zagayawa kamar mai karɓar haraji.

Sai maganar abin da ake ba shi. Kyanwa maciyar nama ce ta tilas, ba kamar kare ko mutum ba. Akwai wani sinadari mai suna taurin da jikinta ba ya iya haɗa isasshensa, sai daga nama take samu. Rashinsa yana kawo makanta da ciwon zuciya. Tuwo da shinkafa da fura suna cika mata ciki su tara mata kitse, ba su biya mata buƙata. Zaƙi ma ba ta jinsa: masu bincike a Amurka sun gano a 2005 cewa harshenta ba shi da kafar ɗanɗanon sukari, don haka in ta lashi fura ko fanke, maiƙon take bi. Madara ɗanya tana ba manyan kyanwoyi da yawa zawo. Amma abin da ya fi girgiza gidan shi ne albasa. A ƙasar da Galmi ke maƙwabtaka da ita, inda babu miyar da ake ɗorawa ba albasa, mutane ƙalilan ne suka san cewa albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa, kuma kaɗan-kaɗan kullum yana taruwa ya zama ƙarancin jini. Sauran miya, romo, yajin tsire da na kilishi, duk suna ciki.

Abincin kyanwa na kanti sai Yamai, tafiyar fiye da kilomita 400, da tsadar da ba ta dace da fanshon malami ba. Aka tsaya kan abin da mahautan gari ke da shi: zuciya da huhu da jan nama marar kitse, a dafa da ruwa zalla ba gishiri ba magi, kifi in an samu, a cire ƙaya, hanta ƴar kaɗan sau ɗaya a mako, domin yawanta ma cuta ne, da ɗan garin ɓawon ƙwai a barbaɗa, tun da nama zalla ba ya ba da abin da ƙashin ɓera ke bayarwa. Ƙaramin gwangwanin tumatir ya zama mudu. Ma'aikacin kiwon ya yanka awon yini, aka raba shi huɗu, aka ɗaura shi da lokutan da ba mai mantawa: bayan asuba, azahar, magariba da isha'i. Sauran tuwo da shinkafa, da ke da yawa kamar kullum, suka koma inda ya fi cancanta tun farko, wato kwanonin almajiran da ke sallama a ƙofar zaure. Malam bai ce komai a kan wannan ba, sai dai an ga ya daɗe tsaye yana kallon yaran a daren farko.

Da muzuru ɗaya ne a gidan, da magana ta ƙare nan. Amma su huɗu ne, kuma tun fil azal a tsohon faranti ɗaya ake zuba musu, kamar yadda ƴaƴan gida ke haɗa hannu a akushi. A wurinmu cin abinci tare zumunci ne, wanda aka ware wa kwano kuwa ko baƙo ne ko marar lafiya ko wanda ake ƙyama. Hajiya ta ga raba musu kwano kamar raba ƴan'uwa. Kyanwa kuwa ba haka Allah ya yi ta ba. Ita kaɗai take farauta, ita kaɗai take ci. In an tara su a faranti ɗaya, mai ƙarfi yana haɗiya da sauri don kada a riga shi, mai rauni yana ja da baya ya jira abin da ba zai rage ba.

Sikeli ne ya raba gardamar. Da aka auna tsohuwar uwa sai aka samu kilo 2 da giram 600. Aka shafa bayanta, ƙashi ne jere kamar carbi a ƙarƙashin gashi. Shekara biyu kowa yana kallon wanda ke kumbura, ba wanda ya lura da wadda ke bushewa a gefen faranti ɗaya, ɗanta yana ture ta da kafaɗa. Hajiya ta ɗauke ta ta ɗora a cinya, ta yi shiru mai tsawo.

"Ashe marasa lahiya biyu gare mu," ta ce. Washegari ita da kanta ta fito da kwanoni huɗu.

A Turai ana sayar da kwano mai murfin lantarki da ba ya buɗewa sai ya gane ƴar na'urar da aka dasa a wuyan kyanwar da aka yi shi dominta. A Illela tsohon akurkin laka ya yi wannan aiki, kuma dabarar daga aji ta fito. Malam ya tuna wata tatsuniyar Lafonten da ya sha karanta wa yara, ta wata ƴar dabba mai kama da tunku da ta shiga rumbu ta ƙaramar kafa tana ramammiya, ta ci ta ƙoshi, kafar ta gagare ta fita. Ya ce a juya tatsuniyar. Aka wanke akurkin, aka rage bakinsa da laka daidai yadda tsohuwar da ɗan ƙaramin za su shige, aka riƙa sa kwanoninsu a ciki. A ƙa'ida duk inda kan kyanwa ya shiga jikinta zai bi, domin ƙashin kafaɗarta bai kafe kamar namu ba. Ƙiba ce kaɗai ke karya wannan ƙa'ida. Malbaza ya cusa kai, kafaɗu suka shiga, ciki ya ƙi. Ya yi ta miƙa hannu yana laluben iska, tsohuwar tana cin abincinta a natse a can ƙurya, karo na farko cikin shekara biyu. Ƴar baƙa aka ɗora nata kwanon a kan rumfa, inda tsalle ɗaya ke kai ta. Shi kuwa ɗakin ajiya aka ba shi, a rufe ƙofa minti goma sha biyar, a buɗe, a kwashe kwanoni duka a wanke. Ba a sake barin abinci a ƙasa yini guda ba.

Makon farko ba a yi barci ba. Muzurun ya riƙa zama a ƙofar ɗakin Hajiya tun tsakar dare yana wani kuka mai kama da na jariri, kuma allon ya nuna sanda ɗaya da ba ta cikin lissafi a dare na uku, wata a na biyar. Ba wanda ya tambayi mai ita. Surukar gidan ce ta kawo mafita, ta ce tun da Inna ba za ta iya hana shi ba, a bar ba shi ɗin gaba ɗaya a hannunta. Kowace safiya Hajiya ke auna rabon yini ta zuba cikin kwano mai murfi. Duk mai son ya ba shi wani abu, jika ne ko Malam, sai ya zo wurinta ta ɗebo masa daga ciki. In kwanon ya ƙare, na ranar ya ƙare. Wadda aka fi tsoron ta karya doka ta zama mai tsaron doka, ta kuwa fi kowa tsanani. Ta kuma samu wani abin yi da hannunta in ya zo yana kuka: tsohon matajin autanta, da take warware masa cukurkuɗaɗɗen gashin baya da shi. Sau da yawa in an taje shi sai ya yi shiru ya kwanta, abin da ya nuna ba kowane kuka ne na yunwa ba.

Motsa jiki ya faɗa hannun jikoki. Suka ɗaura gashin zabo a bakin zare suna ja a ƙasa da sanyin safiya da bayan la'asar, lokutan da kyanwa ke farauta bisa ɗabi'arta. Da farko ido kawai yake bin zaren da shi. Daga baya ya soma kai hannu yana kwance, sannan ya soma tashi, minti biyu, minti uku, ya koma yana haki. Aka huda wata ƴar gora aka zuba gutsattsarin busasshen nama daga cikin rabonsa, sai ya gangara ta kafin ɗaya ya faɗo. Aka ɗaga kwanonsa daga ƙasa zuwa kan kifaffen turmi, bayan wata biyu zuwa kan durom.

Ana auna shi Juma'a bayan Juma'a, Malam yana rubutawa a tsohon littafin kiran suna. Watan farko ya sauke giram 200. Na uku ya tsaya cik, mako huɗu allura ba ta motsa ba, sai da aka ɗan ƙara rage awon. Sallar layya ta rushe aikin wata guda cikin kwana biyar, domin a ranakun da kowane gida ya jera raguna a bakin wuta, kitse yana ɗiga, ana soye-soye ana rabo, babu allon da zai iya ƙirga hannuwa. Aka koma aka ɗora daga inda aka tsaya. Tsohuwar uwa ta haura kilo 3, gashinta ya kwanta. A wata na goma sikeli ya nuna Malbaza yana da kilo 5 da giram 600, haƙarƙarinsa ya soma amsa tafin hannu, minsharin ya ragu, yana kai baki bayansa. Wata safiya aka tashi aka gan shi a kan katanga, a zaune, yana kallon unguwar da ya yi shekara biyu bai gani ba.

Makonni uku bayan haka allurar sikeli ta soma komawa sama, alhali kwanon Hajiya bai sauya ba. Wani jika ne ya hau durom ya leƙa, ya ga muzurun a tsakar gidan maƙwabta, kansa cikin kwanon dambu. Hajiya ta yafa mayafi ta zagaya da kanta, ta yi bayanin hanta da albasa da ciwon sukari tiryan-tiryan kamar ita ta karanta aikin kiwo. Maƙwabciyar, wadda a da ita ce mai kawo ƙarar ƴan tsaki, ta saurara cikin ladabi, ta ce ta ji, amma ita a gidan ubanta ba a koya mata baƙo ya shigo tana ci ta kau da kai ba. Aka daidaita a kan cewa za a riƙa aika mata da kaso ɗaya daga cikin huɗun kowace azahar, ta ba shi da hannunta. Malam ya ƙara layi ɗaya a ƙasan allo. Bakin akurkin ma sai da aka sake rage shi da faɗin yatsa biyu, domin an kama Malbaza ya shige har ƙugu.